Jan Zane a Cikin Awara

Zauna ka ji, ba zan maimaita ba.

A wata unguwa an yi wata tsohuwa mai awara, tata ba irin ta kowa ba ce. Laushi gare ta kamar dafaffen ƙwai, kuma duk inda ka yanka sai ka ga jan zane ya ratsa cikinta, zobe cikin zobe. Maƙwabciyarta Tasalla, wadda ita ma ta daɗe a sana'ar, ta bugi ƙirji gaban dangin mijinta cewa irin wannan za ta fitar ran walimar saukar ɗanta. Tsohuwa ta ce ta zo da safe ta gani, kafin a zuba madara. Tasalla ta ce, "Haba Inna, ni za a koya wa zuba madara? Ai na ga adon, ya ishe ni."

Ran walima ta dafa madarar waken suya, ta sa ruwan tsami, ta bar ta ta kama a faranti, sumul. Sannan ta ɗauki wuƙa ta shiga zana zobe, tana ɗiga jan rinin karan dafi a tsagar. Awara ta fara tsiyayar da ruwa. Gefe ya zame. Kafin ta ƙarasa salati, duk awarar ta rushe, ta koma jan kwaɓi kamar an yi yanka a ciki. Ga baƙi cike da zaure, ga uwar miji tsaye a kanta baki buɗe. Tasalla ta ɗora hannu a ka, ta ruga gidan tsohuwa ko takalmi babu.

Ta tarar da ita za ta yi sabon zubi. Ba komai a farantin sai zare da aka jiƙa da tsami da karan dafi, an nannaɗe shi a ƙasa. Tsohuwa ta kwarara madara mai ɗumi a hankali, ta janye hannu. Tasalla na tsaye, ido waje, madara ta soma kama kanta da kanta, daga jikin zaren zuwa gefe, jan yana biye da ita. Ba wuƙa, ba cokali.

"Inna, don Allah ki zo ki gyara mini tawa!"

Tsohuwa ko kai ba ta ɗago ba. "Wadda ta riga ta kama? Zuba wa awaki."

Da ƙosan bakin hanya aka sallami baƙin nan. Hausawa ba su yi ƙarya ba: tun ran gini, tun ran zane.