Harsasai Ashirin na Alhaji Maje

Nata'ala ya zuba albarushi a kan ɗan sikelinsa, ya jira har ya daina rawa, sannan ya rage ƙwaya biyu da bakin cokali. Harsashi na sha huɗu ke nan cikin ashirin da yake ɗura wa maigidansa, a garejin da ke bayan gidan Alhaji Maje a Landan.

Shekarar 1976 ce, kuɗin mai ya sa 'yan kwangila irin su Alhaji sun rasa inda za su kai kansu. Wasu dawaki suka saya, wasu motoci. Shi kuwa farauta ce cutarsa. Falonsa cike yake da kawunan ɓauna, da fatar zaki, da hauren giwa biyu, kuma ba baƙon da zai sha shayi bai ji tarihin kowanne ba. Yakan ce bindigarsa ta fi ta kowa amo, in ta tashi sai ka rantse biyu aka harba. Yanzu saura abu ɗaya: beyar ɗin Alaska, dabbar nan mai gashi da ke miƙewa a kan ƙafa biyu ta fi ƙofar zaure tsayi.

Shekara goma sha tara Nata'ala yana ɗura masa harsashi, yana tsaye a bayan kafaɗarsa ta hagu a kowane daji. Shi ke feɗe abin da aka kashe, shi ke ciro dalmar harsashi daga nama ya jefa aljihu. Almu, ƙanen Nata'ala, kuwa shi ke bin sawu a gaba.

Bara, a wani daji na bakin iyakar Kamaru, Alhaji ya tura Nata'ala ya koma mota ya ɗauko masa tabarau. Kafin ya dawo, ɓauna ta fito daga ciyawa. Alhaji ya yi harbi, ɓaunar ba ta ko karkace ba. Almu ta tarar a gabanta. A nan dajin suka binne shi.

Mutuwa ta Allah ce, Nata'ala ya san haka. Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne yadda Alhaji ya mai da ita labarin teburin cin abinci. Wai Almu ne ya ruɗe ya tare masa hanya, wai harsashin ma ba shi da ƙarfi. Har kwaikwayon gudun marigayin yake yi, baƙi suna dariya, Nata'ala yana tsaye da butar shayi a hannu. Tun daga ranar ya tsani mutumin nan, tsana irin wadda ba ta hana ka gaida mutum da safe.

Yanzu a garejin, Nata'ala ya zaɓi kan harsashin da kansa. Akwai mai taushin baki wanda ke bajewa da zarar ya shiga nama, ya yi kyau ga barewa, amma a kafaɗar beyar zai tarwatse tun bai kai ko'ina ba. Ya ture kwalinsa gefe. Ya ɗauko mai nauyi, mai rigar jan ƙarfe, wanda ke fasa ƙashi ya wuce har zuciya. Ya goge kowane kwanso, ya auna tsayinsa, ya jera su cikin akwati.

Alhaji dai ba wawa ba ne. Ya lura da irin kallon da ake yi masa. Ranar Laraba ya shigo garejin, ya tsinci harsasai biyar daga nan da can, ya sa direba ya kai shi wurin wani tsohon Bature maƙerin bindiga a wajen Old Kent Road. Baturen ya kwance uku, ya auna albarushinsu. Sauran biyun ya harba a filin gwaji, suka shiga rami ɗaya. Ya ce a shekara arba'in na sana'arsa bai ga aikin hannu mai tsafta haka ba.

Alhaji ya dawo yana fara'a, amma zuciyarsa ba ta kwanta duka ba.

"Ka cike min biyar ɗin nan," ya ce. "Kuma tafiyar nan ba da kai ba. Kujera ɗaya na yi booking a jirgi."

"Ranka ya daɗe, beyar fa ba ɓauna ba ce. Ko ɗan jagoran can ka bari ya tsaya kusa da kai."

"Na riga na aika masa, tazarar taku ɗari zai ba ni. Kada gobe a ce Bature ne ya kashe min. Kai kuma, tun rasuwar Almu ba na son ka a bayana da bindiga."

Nata'ala ya sunkuyar da kai ya ce, "Yadda ka ce, Alhaji."

Ya cike biyar ɗin a gabansa, da kulawa iri ɗaya. Ko ƙwayar albarushi bai tauye ba. Yana so in labari ya iso, duk wanda ya kwance ragowar harsasan ya shaida ba su da aibi.

Ranar Asabar da hantsi ya saka akwatin bindigar a bayan mota, ya riƙe wa Alhaji ƙofa, ya yi masa fatan sauka lafiya. Ya tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana, yana jin wani sanyi a ransa wanda rabonsa da shi tun kafin Kamaru.

Ba ya bukatar ɓata harsashi ko ɗaya. Alhaji Maje runtse ido yake yi in zai ja kunama, kuma tunda yake bai taɓa samun ko kututture ba: duk dabbar da ke rataye a falon nan, Nata'ala ne ya harbe ta daga bayansa.