Ƙullin da Likita Ta Ƙi Taɓawa

"Ba za mu yi tiyata ba tukuna, sa ido za mu yi," in ji likitar.

Uwar ta dubi hoton ƙwaƙwalwar 'yarta. Ga ƙullin jijiyoyin jini can ta wajen ƙeya, shi ke sa yarinyar tangaɗi. Sa ido? Haka ake sallamar marasa galihu.

"Tsakaninki da Allah, da 'yarki ce fa?"

"Wurin da haɗari, Mama. In ya sake zubar da jini, sai mu duba."

"Hmm. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo."

Likitar ta sauke takunkumin fuskarta. Rabin bakinta a karkace yake, ba ya motsi.

"Nawa ƙullin, babana ne ya matsa aka cire."