Mai Jaki da Kunun Makaranta

Kai da kake cewa kofin kunu bai isa ya ƙara wa yaro karatu ba, matso ka ji labarin wani mai dakon yashi da jaki. Mutumin nan ya san jakinsa kamar yunwar cikinsa. Ko sama da ƙasa za su haɗe, ba ya aza masa mangala sai ya ba shi dusa da harawa, ya shayar da shi. Amma a gidansa ba a ɗora ɗumame sai hantsi, lokacin da 'yarsa ta daɗe da kama hanyar makaranta, ba komai a cikinta sai ruwan randa. Kullum malamarta na kawo ƙara: yarinya sai gyangyaɗi, abin da aka koya mata yau gobe ya bi ruwa. Uban ya yi faɗa har ya gaji, ya karɓo mata rubutun buɗe ƙwaƙwalwa ta sha, shiru kake ji. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya yanke cewa da zangon nan ya ƙare zai cire ta, tunda Allah bai ba ta kan karatu ba.

Ana cikin haka sai makarantar ta fara ba yara kunun gyaɗa da ƙosai kyauta kafin a shiga aji. Wata safiya, ana dab da hutu, yana kora jakinsa ta bayan makarantar, sai ya ji wata murya tana zuba karatu tiryan-tiryan. Ya leƙa ta taga, sai ga 'yarsa tsaye a gaban allo, idonta tar. Da ya tambayi malama wane magani aka ba ta, ta yi dariya ta ce ba abin da suka ƙara mata sai karin kumallo. Mutumin ya dubi jakinsa, ya ga cikin jakin fal, kunya da murna suka rufe shi. Ya ce, "Kaico! Dabba ban taɓa aza mata kaya da yunwa ba, amma na aza wa 'yar cikina." Maganar cire ta nan ta mutu. Tun daga ranar, duk mako sai ya sauke kayan itace ga matan da ke dama kunun, in sun yi godiya ya ce a'a, shi ne da godiya.

Ka ga, gaskiyar Bahaushe da ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.