Takardar Ɗan Majemi

Ka tambaye ni abin da ke sa marubuci ya koma tonon asalinsa alhali duniya cike take da labarai. To, gyara zama ka ji.

An yi wani ɗan majemi da ya tashi a unguwarsu ta bayan gari, inda warin fata ke tarbar baƙo tun bai yi sallama ba. A makaranta ba mai yarda ya haɗa benci da shi, ko da wanka uku ya yi. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Da Allah ya ba shi karatu, ya tafi birni ya zama marubuci, sai ya binne asalinsa. Labaransa duk na masu benaye ne da turare, mutanen da ko tuwo bai taɓa ci da su ba. A karanta, a yi hamma, a ajiye. Ana nan sai saƙo ya zo daga gida: gari ya bunƙasa har ya cim ma majema, sababbin maƙwabta sun kai ƙara wurin dagaci a tashe su saboda wari, har an sa ranar zama. Gida arba'in ke ci daga ramukan jimar nan, tun na kaka da kakanni. Gogan naka ya zo ya zuba takarda shafi shida, ya cika ta da manyan kalmomin da ya haddace a littattafan wasu, ya karanta wa tsohonsa yana jiran yabo. Tsohon ya saurara har ƙarshe, hannuwansa cikin ruwan bagaruwa, sannan ya ce, "Madalla. Amma su wane ne waɗannan bayin Allah da kake ba da labarinsu? Ni dai ban ji warinmu a ciki ba." Kai, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige!

Ya yaga takardar, ya tuɓe babbar riga, ya shiga rami. Kwana uku yana jiƙa fata yana kankara tare da tsohon, sannan ya sake ɗaukar alƙalami. Wannan karon shafi ɗaya ya yi. Ranar zama zauren dagaci ya cika, ya miƙe, ya fara da maganar da ya shekara ashirin yana haɗiyewa: "Ni ɗan majemi ne." Ya karanta yadda faratan ubansa suka rine har sabulu ya haƙura da su. Ya karanta yadda kowace Babbar Sallah gari kaf ke aiko musu da fatun layya, ɗanyu, ƙuda na bi, mai aikowa ya toshe hanci ya juya, bayan 'yan makonni ya dawo ya karɓi buzu mai laushi ya shimfiɗa ya yi salla a kai. Yana zuwa nan sai liman ya sunkuya ya dubi abin da yake zaune a kai, ya shafa, ya ce, "Allahu Akbar." Jagoran masu ƙara kuwa, wanda Alƙur'aninsa ke rataye a gida cikin gafakar fata, ya rasa inda zai sa idonsa. Dagaci ya yanke cewa majema na nan daram, gari kuma ya fito gayya a haƙa magudanar da za ta janye ruwan jima. Da aka watse sai tsohon ya kama hannun ɗansa ya shinshina, ya yi murmushi. Tun daga ranar mutanensa yake rubutawa, har 'ya'yan mahauta da na wanzamai suna karantawa suna cewa ai da su ake.

Da gaskiyar Hausawa da suka ce, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.