An Hana Maman Auta Ɗaukar Hoto

Maman Auta ta ɗaga wayarta ke nan, sai wani faffaɗan tafin hannu ya tare mata filin gaba ɗaya.

"Ki yi haƙuri, Mama. An hana ɗaukar hoto."

Mai tsaron 'yan kallo ne, wani dogo sanye da falmaran ruwan lemo. Ya nuna mata allon da ke rataye jikin ƙarfe, wanda rana ta cinye rubutunsa har sai mutum ya ƙanƙance ido kafin ya karanta. Ta duba dama, ta duba hagu. Wayoyi ne birjik a sama. Wani mai tumbi a layin gaba ma kyamara ya ɗauko mai dogon baki kamar taɓarya, yana ta ƙyas-ƙyas, babu wanda ya ce masa ci kanka.

"Su waɗannan fa? Addu'a suke yi da suka ɗaga hannu?"

"Ni dai ke na gani, Mama."

Ta mayar da wayar jaka, ba don ta yarda ba. Yau ce ranar ƙarshe ta gasar dawakai masu tsallake shinge, kuma autarta na cikin waɗanda suka kai zagayen yanke hukunci. Maigidanta, wanda ya fara ɗora yarinyar a sirdi tun ƙafarta ba ta kai likkafa ba, yana kwance a gida bayan aikin ƙugu. Abu ɗaya ya roƙa da za su fito: ta kawo masa hoton 'yarsa a sama, ita da dokinta Ɗan Gata, kuma hoton da ta ɗauka da hannunta. Ta yi masa alkawari har da rantsuwa.

Aikin kuwa ba baƙonta ba ne, don hotunan Ɗan Gata sun fi na jikokinta yawa a wayarta. Auta ce dai tun a mota take magiya a bar wayar a jaka, uwar kuma ta ɗauka kunya ce irin ta 'yan mata. Yarinyar ba ta gama warkewa daga abin bara ba, lokacin da dokin ya saki hanya ana tsakiyar zagaye, alƙalai suka kaɗa ƙararrawa, aka fitar da ita tana kuka. Maman Auta ta daɗe da gano dalili: bakin mutane ne.

Ta sauya benci. Dogon ya biyo ta. Ta koma can ƙarshe, bayan wata mai lema, ta zuro wayar ta ƙarƙashin mayafi. Kafin ta dangwala, ga shi a kanta yana murmushin ban haƙuri.

Abin da ya fi ƙona mata rai, da wasu dawakan suka shigo sai ya yi tafiyarsa. Da idonta ta gan shi ya karɓi wayar wasu iyali ya ɗauke su hoto, har yana cewa ƙaramin ya ɗaga kai. To, ta gane. Su sun zo da baƙin tabarau da direba, ita ta zo da jakar tsofaffi. Doka ai ta san wanda take rainawa. Ta cika ta batse.

Aka kira lambar Auta.

Ɗan Gata ya shigo yana sheƙi, kunnuwa a tsaye, yana waige-waige wajen 'yan kallo. Nan take dogon ya dawo ya tsaya a gabanta kamar an dasa shi. Ta matsa, ya matsa. Ta miƙe, ya buɗe kafaɗu. Ta ƙarƙashin hammatarsa ta ga 'yarta ta tsallake shingen farko, ta wuce mai ruwa, ta haye na ƙarshe ba tare da sanda ko ɗaya ta motsa ba. Filin ya kaure da tafi. Kowa a wurin ya samu hoton 'yarta, ban da wadda ta haife ta.

"Ba ni lambarki in tura miki," in ji mai lema.

Wannan tausayin ya fi zagi ciwo. Me za ta gaya wa maigida?

Ba ta jira an ba da kofi ba. Ta zagaya bayan rumfa, wajen barga, ta tarar da shugaban gasar yana taya Auta murna, mai kula da dawakai na riƙe da linzamin Ɗan Gata. Dogon ma yana gefe yana shan ruwa, ko a jikinsa.

"Ga shi nan! Bari in ɗauki fuskarsa, sai na ga inda ƙarar nan za ta tsaya!"

Maman Auta ta ɗaga wayar.

Ɗan Gata ya fizge linzami, ya ture bokiti, ya sheƙo a guje. Yana zuwa gabanta ya ja birki, ya lanƙwasa wuya, ya tsaya cak har sai da wayar ta yi ƙyas. Sannan ya tura hancinsa cikin jakarta yana lalube.

Auta ta matso, ta kwantar da kai a kafaɗar uwarta.

"Kin gani ko, Mama? Ke kika koya masa: in kin ɗauke shi hoto, sai ki ba shi sukari. Bara ma da ya hango wayarki ya manta da shinge. Dokar nan ta yi shekaru babu mai bin ta, ni na roƙa a tashe ta yau saboda ke kaɗai."