Dashen Lemun Illo

Ni Iyatu ba gulma nake ba, zanarmu ce ke da ɓula. Ta nan na hango Illo, mai aikin lambun Razdan, Baturen mulki, tsaye gaban maƙwabciyata Hajjo da dashen lemu a kasko.

"Bature zai tura ni Ikko koyon tsara lambu. Shekara ukku."

Kaskon ta duba, ba shi ba. "Ukku? Baba ya sa bikinmu bayan kaka."

"Ki riƙa ba lemun nan ruwa. Kafin ya yi ɗiya na komo."

"In ba ka komo ba fa?"

Ya aje kaskon a ƙasa. Sai ga akuyata ta miƙo wuya za ta ci dashen. Hajjo ta fizge shi, idonta jawur.

"Don akuyar Iyatu na ɗauka. Ba don kai ba."