Auduga a Yatsana

Shekarar da muka gudo daga Mubi muka sauka a Dubeli, na yi ƙaryar zazzaɓi don kada in je makaranta. Dada, mahaifiyata, ta bar ƙanina mai sikila a kwance, ta goya ni har asibiti da tsakar rana.

Mai gwajin jini ya soke ni a yatsa, ya shafa ɗigon a gilashi, ya daɗe yana dubawa.

"Hajiya, jinin yaron nan lafiya lau."

Ina jiran mari, sai ta danne min auduga a yatsa, idonta ya cika da hawaye. Ta ce, "Alhamdulillahi, ko ɗaya dai na samu."

Har yau warin sifirit yana sa ni sunkuyar da kai. Ban taɓa faɗa mata gaskiya ba.